Kun Tambaya: Ta Ina Shayi, Sukari da Biskit Suka Biyo Suka Zo Mana?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk a wuri ɗaya suke kewayawa, wato kayan da ke kan teburin mai shayi. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai shayi ne a tashar mota a Gusau. Kusan kullum da dare sai an yi musu a teburina. Direbobi na cewa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana shayi, wani dattijo Buzu mai gadi kuma ya rantse kakanninsa na dafa shi tun kafin a ga Bature a ƙasar nan. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka zuba wa kowannensu kofi guda su zauna, domin duk sun faɗi gaskiya, sai dai ba shayi ɗaya suke nufi ba. Dubi ganyen da Baba Buzu ke zubawa a 'yar butarsa: kore ne, an murza shi ƙulu-ƙulu. Naka kuwa baƙi ne, da madara ake shansa. Bishiya ɗaya ta haifi duka biyun, a wajen sarrafawa suka rabu. Koren ana yi masa wuta da wuri kafin ya rine, baƙin a bar shi ya sha iska har ya yi duhu. Ɗaya ya zo mana ta hamada bisa raƙumi, ɗaya ta teku sannan jirgin ƙasa. Abin da zai ba direbobin da dattijon haushi gaba ɗaya shi ne, ko ta wace hanya ka bi, sai ka iske hannun ɗan kasuwar Ingila a ciki.

A farkon ƙarni na 19 duk shayin da ake sha a Ingila daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma kamfani ɗaya ne ya yi babakere a kan shigo da shi har zuwa 1834, wato East India Company, wanda shi ne kuma ke mulkin Indiya. Damuwar Ingilishi ita ce Sinawa ba su da sha'awar hajarsu, azurfa tsaba suke so. Sai kamfanin ya samo abin da zai dawo da azurfar gida: ofiyom, kayan mayen da ake nomawa a Indiya, a yi gwanjonsa a Kalkata, 'yan fasa-ƙwauri su kai shi gaɓar Sin. Da sarkin Sin ya ga jama'arsa na lalacewa, ya tura wani jami'i mai suna Lin Zexu, wanda ya ƙwace akwatuna kimanin 20,000 ya lalata su a 1839. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi. A 1842 aka tilasta wa Sin ta buɗe tashoshin ruwa biyar, ta kuma sallama tsibirin Hong Kong. Ban ce shayi kaɗai ya jawo wannan yaƙi ba, amma duk wanda ya cire shi daga lissafi ba zai gane kan labarin ba.

Tun kafin yaƙin, Ingilishi na neman inda za su noma nasu su huta da lallashin Sinawa. A 1823 wani ɗan Sikotilan mai suna Robert Bruce ya ji cewa mutanen Singpho, a arewa maso gabashin Indiya, sun daɗe suna shan ganyen wata bishiya da ke tsirowa a dajin Assam. Ashe shayi ne. A watan Janairun 1839 aka yi gwanjon akwatuna takwas na farko na shayin Assam a Landan, a shekarar kuma aka kafa kamfanin noman shayi na Assam Company. To iri ya samu, amma sanin yadda ake sarrafa ganye yana hannun Sinawa. Shi ya sa a 1848 aka tura Robert Fortune, masanin tsirrai. Ya aske kai, ya sa tufafin Sinawa, ya kutsa yankunan da aka hana baƙi shiga, ya yi ta fitar da iri da dashe cikin akwatunan gilashi, sannan a 1851 ya kwaso ƙwararrun masu sarrafa ganye ya kai su Indiya. Turawa na kiran wannan bincike. Da a Kasuwar Kurmi aka yi shi, sunansa sata. Abin dariyar ma, irin na Sin a kan tsaunuka kamar Darjeeling ya fi yin albarka, bishiyar nan ta dajin Assam da aka raina ita ce ta cika kasuwa. Kafin 1890 shayin Indiya ya wuce na Sin a kantunan Ingila.

Akwai ɓangaren da ba na so a tsallake, domin a nan arhar ta samo asali. Gonakin Assam na buƙatar hannu mai yawa, mutanen yankin kuma ba su yarda su yi aikin a kan ladan da ake bayarwa ba. Sai dillalai suka shiga ƙauyukan talakawa a wasu sassan Indiya suna ɗibar mutane da alkawuran ƙarya, a sa su dangwala hannu a takardar kwantiragi ta shekaru. Wanda ya gudu, doka ta ba mai gona damar kamo shi. Tsakanin 1863 da 1866 an kai mutane kimanin 85,000, sama da 30,000 daga cikinsu suka mutu cikin wannan ɗan lokaci, wasu tun a jirgin ruwa kafin a isa. An ce an soke bauta, amma ka auna wannan da kanka.

Shayin Lipton da sunansa ke kan kwalinka kuwa daga tsibirin Silon ya taso, wanda yau ake kira Siri Lanka. Da can gahawa ake nomawa a wurin, sai wata cutar ganye ta ɓulla a 1869 ta yi ta cin gonakin har ta gama da su, masu gona suka koma shayi. Thomas Lipton ɗan tireda ne a birnin Glasgow, ya buɗe shagonsa na farko a 1871 yana sayar da ƙwai da man shanu da nama. A 1890 ya sayi gonaki a Silon, ya cire dillalai daga tsakani, ya riƙa ƙunshe ganyen cikin fakiti na laba ɗaya, rabin laba da kwatan laba, yana sayar da laba a kan sule ɗaya da kwabo bakwai lokacin da wasu ke sayarwa sama da sule biyu. Dabararsa ke nan: ƙaramin ƙunshi mai suna a jiki, wanda matar lebura za ta iya saya ranar albashi.

Yanzu ga na Baba Buzu. Koren shayi ya daɗe a fadar sarakunan Maroko a matsayin kayan kyauta da alfarma, amma sai tsakiyar ƙarni na 19 ya sauko hannun talaka. Masana tarihi da dama na danganta wannan da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da hanyar kasuwannin arewacin Turai ta toshe wa fataken Ingila suka karkata da kayansu zuwa Tanja da Sawira, tashoshin ruwan Maroko. A 1856 kuma Maroko ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ingila wadda ta sassauta kuɗin fito. Daga nan ayari ya ɗauki ganye da dunƙulen sukari ya ratsa hamada, Larabawa da Buzaye suka mayar da shi abin tarbar baƙo. Ta wannan hanya ya iso Tambutu da Agadas da gidajen fataken Gadamas da Tarabulus da ke zaune a Kano. Ke nan dattijon bai yi rantsuwar banza ba, Turawa ba su ci Kano ba sai 1903. Sai dai a wancan lokaci shayi ba abin kowa ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ke wartsake Bahaushe goro ne daga Gwanja, karin kumallonsa koko da ƙosai, ko kunu, ko ɗumame. Shayi da madara da burodi irin naka ya bazu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan kamfanoni suka biyo cinikin gyaɗa, barikin soja da ma'aikatan reluwe da makarantun kwana suka saba wa mutane da shi. Wannan rabon direbobi ne.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Damagaram. Jikokina sun ɗauka shayi a cikin 'yar jakar nan mai zare aka halicce shi. Ni kuwa na tashi na ga mahaifiyata na ɓoye ganye a cikin akwati ta sa makulli. Yaya mutanen wancan zamani suke haɗa shayinsu?

Amsa: Hajiya, ina amsawa, Allah ya raya jikoki. Ki gaya musu 'yar jakar nan baƙuwa ce. A Amurka ta fito a farkon ƙarni na 20, Ingilishi ma ba su karɓe ta ba sai bayan 1950. A duk tsawon ƙarni na 19 ganye ne zube, a auna shi a sikeli ko a saye shi a fakiti.

Makullin mahaifiyarki kuwa ba ita ta fara ba. A gidajen masu hali na Ingila akwai ɗan akwati na musamman na ajiye ganye, mai makulli, mabuɗin kuma yana jikin uwargida don kada barori su taɓa. Yadda suke yi: a ɗauraye butar tangaran da ruwan zafi ta ɗumama, a zuba cokali guda na ganye don kowane mutum, a ƙara guda "na buta", a kwara tafasasshen ruwa, a rufe na 'yan mintoci, a tace. Ba sa ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa. Shan shayin la'asar da ɗan burodi da kek kuwa, ana jingina farkonsa ga wata matar basarake, Anna ta Bedford, wajen 1840, wai yunwa ke damunta tsakanin abincin rana da na dare.

Wannan na masu kuɗi ke nan, shi ake nunawa a hotuna. Wanda ya riƙe cinikin shi ne shayin lebura. Mai aikin masaƙa a Manchester da ke fita kafin gari ya waye, matarsa ma na aiki, ba mai lokacin hura wuta a yi girki. Ruwan zafi da ɗan ganye da sukari mai yawa da yankan burodi, shi ke nan an karya, ciki ya ɗauki ɗumi, jiki ya sami ƙarfin tsayuwa a gaban inji. Ganyen a sake zuba masa ruwa har sai ya daina ba da launi. A gidajen manya ma barori na tara wanda aka riga aka sha su sayar ta ƙofar baya.

Mutanen hamada nasu daban. Ana ɗora 'yar buta a kan gawayi ganyen ya dahu sosai, a fasa sukari a zuba, wani lokaci da na'a-na'a, a yi ta ɗaga hannu ana juyawa tsakanin buta da finjali har kumfa ta tashi, a sha zagaye uku a kan ganye ɗaya. Kin fi ni sanin wannan, a garinku ake yinsa yadda ya kamata. Dafa baƙin shayi da madara da kayan ƙamshi kuwa, masu sayarwa a tashoshin jirgin ƙasa da bakin masana'antun Indiya ne suka yaɗa shi a ƙarni na 20, lokacin da masu gonaki suka tashi haiƙan suna koya wa Indiyawa shan abin da suka daɗe suna nomawa don wasu. Namu mai citta da kanumfari da masoro ya fi kama da wannan. Ra'ayina dai, in baƙin ganye ne, a dafa kayan ƙamshin su kaɗai tukuna, a sauke, sannan a zuba ganyen. Wanda ya bar shi a wuta rabin awa, ɗaci yake sha, sai ya bi shi da sukari don ya rufa asiri.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a kwalejin horon malamai. Na ji an ce a da sarakuna da attajirai kaɗai ke shan sukari a ƙasar Hausa. Haka ne, ko ƙari ne irin na masu ba da labari?

Amsa: 'Yata, wannan karon masu labari ba su ƙara gishiri ba, kuma muna da lissafi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya zauna Kano a 1851 zamanin Sarki Usman, ya kuma bi kasuwa yana tambayar farashi. A ƙiyasinsa, kayan raƙumi kimanin 100 na sukari ke shigowa Kano a shekara, kowane raƙumi ɗauke da ƙananan dunƙule 80, kowane dunƙule laba biyu da rabi, wato ya ɗan haura kilo guda. Ana sayar da dunƙule a kan wuri 1,500. Shi dai Barth ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 na isar iyali guda su ci su sa sutura shekara ɗaya cur. Ki raba ki gani: dunƙule ɗaya ya kai cefanen gida na wajen kwana goma. Wa zai jefa wannan a kunu? Zaƙin talaka zuma ne da rake da dabino da maɗin ɗinya.

Wancan sukarin na Faransa ne, ya biyo ta Bahar Rum ya ratso hamada. Kwalin St Louis mai ƙwaya-ƙwaya da muka tashi muka gani, sunan wata unguwa ce ta birnin Marseille inda aka kafa matatar sukari tun a ƙarni na 19.

Yadda ya faɗo daga hannun sarki zuwa hannun kowa, labari ne marar daɗi. Raken da ya ciyar da Turai bayi 'yan Afirka ne suka noma shi a tsibiran Karebiya da Brazil, cikinsu har da mutanen ƙasarmu. A Bahia ta Brazil an san bayi Hausawa da tawaye a farkon ƙarni na 19. Ingila ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya. Masu bayin aka biya, bayin ko anini. Da 'yantattun suka fara barin gonaki, sai aka koma ɗibar Indiyawa da kwantiragi irin wanda na faɗa a sama: Mauritius daga 1834, Guyana 1838, Trinidad 1845, Natal ta Afirka ta Kudu 1860, Fiji 1879. Shi ya sa har gobe za ki ga zuriyar Indiyawa jingim a waɗannan wurare. Kyuba ba ta soke bauta ba sai 1886, Brazil 1888, kuma sukarinsu na shiga Ingila cikin sauƙi tun bayan da aka fara daidaita haraji a 1846.

A ɗaya gefen, Faransa da Jamus sun koyi tatsar sukari daga wani irin tushe mai kama da gwaza da ke yi a ƙasar sanyi, gwamnatocinsu na tallafa wa masu matata, kasuwa ta cika ta batse. Ingila ta cire harajin sukari gaba ɗaya a 1874. Henry Tate, wanda shi ma daga tireda ya fara a Liverpool, ya sayi haƙƙin wata fasahar yanka sukari ƙwaya-ƙwaya daga wani Bajamushe a 1875, aka huta da fasa dunƙule da guduma. A 1800 mutumin Ingila na shan kimanin laba 18 a shekara, zuwa 1900 ya doshi laba 90. Likitocin haƙori ba su yi baƙin ciki ba.

Tambaya: Malam, me ya sa biskit ɗin kabin yake da tauri ba zaƙi, alhali sauran biskit suna da daɗi? Ɗan kasuwar Singa ne, Kano.

Amsa: Alhaji, domin ba don daɗi aka ƙirƙiro kakansa ba. Guzurin matuƙan jirgin ruwa ne: fulawa da ruwa, a gasa har ya bushe ƙayau, don ya yi watanni a teku bai ruɓe ba. Na asalin ya fi wanda kake sayarwa tauri nesa ba kusa ba, sai an jiƙa shi ko an farfasa, kuma sau da yawa ƙwari sun riga matuƙi ci. Wajen 1830 rundunar ruwan Ingila ta fara yinsa da injin tururi, 'yan kasuwa suka ga ashe ana iya gasa abu dubu-dubu ba da hannu ba. Ta jiragen da ke zirga-zirgar manja ya sauka a gaɓar Afirka ta Yamma, ya zauna.

Masu zaƙin kuma, gwangwani ne ya yi musu hanya. A garin Reading akwai wani mai gasa biskit, Joseph Huntley, da ya buɗe shago a 1822 kusa da masaukin da keken doki mai zuwa Landan ke tsayawa. Matafiya na saye, amma kafin a isa ya zama gari. Sai ɗansa, wanda ke sana'ar ƙira, ya fara yi masa akwatin kwano mai murfi. George Palmer ya shigo haɗin gwiwa a 1841, suka gina masana'anta a 1846, zuwa 1900 Huntley & Palmers ya zama kamfanin biskit mafi girma a duniya da ma'aikata sama da 5,000. Abokin hamayyarsu Peek Frean shi ya fito da biskit ɗin Marie a 1874, don bikin auren 'yar sarkin Rasha da ɗan Sarauniya Victoria. Har yau ana cin wannan biki a shagonka.

Gwangwanin nan shi ne sirrin cinikin gaba ɗaya. Bature a Lakwaja ko Kalkata na son ya ci abin da ya saba da shi a gida, ga zafi ga laima ga tururuwa. Abin da aka rufe a kwano ne kaɗai ke isa lafiya: biskit, kifi, da madara. Wani Ba'amurke, Gail Borden, ya yi rajistar hanyar ƙafe madara a 1856, a 1866 aka kafa kamfanin madarar gwangwani na Anglo-Swiss a Suwizalan, wanda daga baya ya haɗe da Nestlé a 1905. Da farko kayan nan na jami'an kamfani ne da 'yan mishan, sai kuma tsarabar da ake kai wa sarakuna. Mutanen gari kuwa sau da yawa kwanon ya fi musu abin cikin amfani. Bayan yaƙin Omdurman na 1898 a Sudan an tsinci takobi da aka ɗaure kubensa da yankan gwangwanin Huntley & Palmers. Ban yi mamaki ba. A shagon kawuna inda na yi yarinta, gwangwanin madara shi ne ma'aunin gishiri da kanwa, wasu su huda murfin su sa lagwani ya zama fitila, kwanon biskit kuwa a ciki yake tara rasit da takardun bashi, matarsa na fakon ranar da zai kwashe ta zuba zare da allura.

Tambaya: Malam, kullum mahaifina na cewa kayan Turawa na da sun fi na yanzu inganci, ba algus ba ha'inci, yanzu ne aka lalace. Ni na kasa ba shi amsa. Daga Kumasi.

Amsa: Ɗana, ka gaishe da Baba, kada kuma ka yi musu da shi a gaban mutane. Kayan da shi ya gani a ƙuruciyarsa wataƙila sun yi kyau, domin an riga an yi dokoki a lokacin. Amma in ana maganar ƙarni na 19 ne, to ha'incin da aka yi a kasuwannin Ingila sai ya tsorata shi.

Tun 1820 wani masanin haɗa magunguna, Frederick Accum, ya fallasa cewa ana sa alif a burodi don ya yi fari, ana rina alawar yara da sinadaran dalma da tagulla don ta yi ja da kore. Daga 1851 wani likita, Arthur Hassall, ya riƙa sayo kaya a shagunan Landan yana dubawa da madubin ƙara girma, mujallar likitoci ta The Lancet na buga sakamakon tare da sunan mai shago da adireshinsa. A shayi an sami ganyen wasu itatuwa, da tsohon ganye da aka busar aka sake rinawa. Koren shayi ma tun daga Sin ake barbaɗa masa shuɗin fenti da farar ƙasa, don Turawa sun fi son mai launi. Fortune ya gani da idonsa. Wannan na cikin abin da ya sa Ingilishi suka juya wa kore baya suka rungumi baƙi.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Bradford a watan Oktoban 1858. Sukari na sisi da ɗari laba guda (ɗarin da fa, rabin kwabo), wani farin gari na dutse kuwa ɗari kacal, don haka masu alawa sun saba cuɗa shi a ciki. Wani mai yin minti ya aika a sayo masa garin a shagon magani. Mai shagon na kwance ba lafiya, yaronsa ya shiga ɗakin ajiya ya ɗebo daga gangar da ba ita ba, ya auno laba 12 na gubar asinik. Aka yi minti, wani mai tebur ya sayar da shi a kasuwa daren Asabar. Mutum sama da 200 suka kwanta, kimanin 20 suka mutu, yawancinsu yara. An kai mutum uku kotu, ba wanda aka ɗaure. Bayan wannan ne aka yi dokar hana algus a abinci ta 1860, wadda ba ta da haƙori, sai ta 1875 da ta fi ta cizo.

A nan ne fakiti mai suna ya sami kasuwa. John Horniman ya fara sayar da shayi a rufaffen ƙunshi tun 1826, 'yan tireda suka ƙi shi da farko don ya hana su taɓa sikeli da ƙara abin da suka ga dama. Daga baya mai saye ya gane cewa wanda ya buga sunansa a jikin kaya yana da abin da zai rasa in aka kama shi. Amanar da Baba ke tunawa ke nan, kuma sai da aka binne yara kafin a same ta.

Tambaya: Malam, burodi da gurasa wanne ya riga wani a ƙasar Hausa? Wata mai karatu ce daga Garwa.

Amsa: Gurasa, Malama, da rata mai yawa. Ana noman alkama a fadamu da rani tun kafin zuwan Turawa, kuma cuɗanya da Larabawan arewacin Afirka ta bar mana gurasa da alkaki da alkubus da taliya, duk da cewa a da abincin gidan sarauta ne da na attajirai da ranar biki. Burodin kwano mai yisti ta bakin teku ya shigo. A Ikko, 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil da Saliyo a ƙarni na 19 na cikin waɗanda suka fara sana'ar gasa shi, da fulawar da jirgi ke kawowa a ganga. Fulawar ta yi arha ne bayan Ingila ta soke harajin hatsi a 1846, alkamar Amurka ta malalo, injin niƙa mai naɗin ƙarfe kuma ya bazu daga wajen 1870 yana fitar da gari fari tas mai daɗewa bai lalace ba. Ya hau jirgin ƙasa ya iso arewa a ƙarni na 20, ya fara sauka a Sabon Gari kafin ya shiga cikin birni. Matan Jakara kuwa ba su fasa gasa gurasarsu a tanderu ba.